Yadda ɗan Arewa zai shirya wa yanayin Legas, daga neman ɗaki zuwa ranar ambaliya

Wanda ya taso a Sakkwato ko Maiduguri ya san zafi, har yakan yi murmushi idan ya ji mutanen kudu suna kukan rana. Ma'aunin zafi a Legas da wuya ya haura digiri 35, alhali a Sakkwato 42 a watan Afrilu ba labari ba ne. Amma sai ka ga Basakkwacen ya sauka a Agege, kafin ya kai jakarsa masauki riga ta jiƙe sharkaf, dare ya yi barci ya gagara. Ba rana ce ta kayar da shi ba, danshi ne. Iskar garin daga teku take busowa, kuma a yawancin watanni danshinta kan kai kashi 80 cikin ɗari ko ya wuce, musamman da safe. Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe. A gida tana tsattsafowa iska na shanye ta, a nan kuwa zama take yi a fata tana ɗiga. Shi ya sa 33 na Legas jiki ke jin sa sama da 40.

Danshin nan shi ne tushen yawancin abin da zai dame ka a garin: funfuna a takalmi, tsatsa a kwaɗo, gari ya dunƙule, ƙuraje a wuyan yaro. Idan ka gane shi, sauran shirin mai sauƙi ne.

Mataki na farko: gyara lissafin watanni

Iska biyu ke ja-in-ja a kan Najeriya. Ɗaya daga kudu maso yamma take fitowa, ta kan tekun Atlantika, ɗauke da ruwa. Ɗayar daga arewa maso gabas, ta kan Sahara, ɗauke da ƙura. Layin da suke haɗuwa yana haurawa arewa daga farkon shekara, ya kai ƙarshen tafiyarsa wajen Agusta, sannan ya juyo. Ruwan sama bin bayan wannan layi yake yi. Kano sau ɗaya yake same ta, shi ya sa daminarta ɗaya ce, gajeriya. Legas da ke bakin teku kuwa yana ratsa ta a tafiya, ya sake ratsa ta a dawowa.

Ga yadda shekarar ke tafiya. Fabrairu da Maris su ne ƙololuwar zafi. Daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu hadari ke fara haɗowa, da iska mai yaye kwano da tsawa. Mayu ruwa ya kankama, Yuni ya fi kowane wata ruwa, ya zarce cikin Yuli. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta sai ya ɗan tsagaita: gari ya yi lumshi, yayyafi jefi-jefi, iska mai sanyi, zafin rana ya sauko wajen 28. A wannan lokacin ruwan tekun da ke gaɓar ma ya fi sanyi, abin da ke ƙara hana hadari tashi. Satumba da Oktoba ruwa ya dawo zagaye na biyu, ya yi sallama cikin Nuwamba. Disamba da Janairu rani, da ɗan hunturu.

Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne Agusta. Lokacin da ake marka a Zariya, gidajen ƙasa na zubewa, a Legas ne ake samun sararin shanya. Don haka in kana da biki ko tarewa ko zuba kankaren rufin bene, kada ka guje wa Agusta ka faɗa Yuni. Jimillar ruwan shekara a nan yana kaiwa milimita 1,500 zuwa 1,800, wajen bakin teku ya fi na Ikeja yawa. Kusan ninki biyu ke nan na abin da Kano ke samu. Kuma ko a Janairu ruwa kan sauka, ba wanda zai fito kallo.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma sanar da na kwanaki uku-uku. Ba kullum take dacewa da unguwarku ba, domin ana iya tafka ruwa a Ikorodu Surulere na rana, amma idan ta yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi a kudu maso yamma, ka ɗauka da gaske.

Mataki na biyu: neman ɗaki

A nan ne ake yin babbar asara, domin shekara guda ake biya a dunƙule, wani wurin ma har da kuɗin ejan da na yarjejeniya. Ɗakin da ka gani a Janairu tsaf-tsaf da sabon fenti, mai yiwuwa a Yuni da bokiti za ka riƙa kwana. In da hali, ka nemi ɗaki a cikin damina, ka je dubawa washegarin ruwa mai ƙarfi. In kuma dole ce ta sa ka nema da rani, to gini ba ya iya ɓoye tarihinsa, sai dai a ƙi dubawa.

Fara daga waje. Tsaya a tsakiyar layin ka duba: titi ne ya fi tsakar gidan tudu, ko gidan ne ya fi titi? A unguwanni da yawa an yi ta ciko ana ɗaga hanya har tsofaffin gidaje suka koma rami, sai ka taka matakala biyu ko uku ƙasa kafin ka shiga. Irin wannan gida duk ruwan layin baƙonsa ne. Dubi katangar maƙwabta, ba ta gidan da za a ba ka ba, domin ita an shafe ta da fenti. Za ka ga wani layi mai duhu a miƙe, ƙasansa gansakuka ko siminti ya bubbuɗe. Nan ruwa ya tsaya bara. Dubi ƙofofin shagunan layin: idan kowane mai shago ya gina ɗan dakali na bulo ɗaya ko biyu a dokin ƙofarsa, sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ba ado ya yi ba. Leƙa kwata ka ga ko ruwan cikinta na tafiya ko kwance yake baƙi ƙirin da robobi.

A cikin ɗakin, sa bayan hannunka a bango daf da ƙasa. In ka ji sanyi da laushi, ko fenti ya kumbura, ruwa na hawowa daga ƙasa. Ɗaga kai ka nemi tabon ruwan kasa a silin. Rufe ƙofa da taga na ɗan lokaci ka shaƙi iskar. Warin rima ba ya ɓuya. Sannan ƙirga tagogi. Ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar wani, ko da ya fi araha, zai ci kuɗinka a magani da kaya. Wanda ake so shi ne mai taga biyu a bango daban-daban, iska ta shiga nan ta fita can, in ɗaya na fuskantar kudu ko yamma ya fi, don daga can iskar teku ke tasowa da rana.

Ejan ba zai gaya maka gaskiya ba, ba kuma don mugunta ba, sana'arsa ke nan. Nemi mai shayi ko mai gadin da ya daɗe a layin, ka zauna ka sha shayi, sannan ka tambaya: "Baba, don Allah in an yi ruwa mai yawa ina yake tsayawa a layin nan?" Kada ka ce "ruwa na shiga?", za a ce maka "kaɗan-kaɗan". Ka ce ya nuna maka da hannu a jikinsa. In ya nuna idon sawu ya ce kafin la'asar ya janye, wannan ruwan Legas ne na yau da kullum. In ya nuna cinya ya ce yakan kwana uku, yi masa godiya ka kama hanya.

Ambaliyar garin iri uku ce, kuma kowace da yankinta. Akwai ta ruwan sama da ya fi ƙarfin magudana, wadda ke iya faruwa ko'ina, har a wurare masu tudu irin Agege da Ikeja idan gidan na bakin kanal, wato babbar magudanar ruwa. Akwai ta yankin tsibiri, su Lekki da Ajah da Victoria Island da Obalende, inda ƙasa ba ta fi teku tudu da wani abin kirki ba. Teku na cika ta janye sau biyu a rana. Idan ruwan sama ya dace da cikarta, magudanun da ke zuba a babban tafkin Legas ba su da inda za su kai ruwan, sai ya dawo titi ya jira. Ta ukun ita ce ta kogin Ogun, kuma ita ta fi shafar mutanenmu. Wajen Satumba da Oktoba, idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, kogin kan cika ya malala a Isheri da Kara da Agiliti da Owode-Onirin da gefen Mile 12 da Ajegunle ta hanyar Ikorodu. Wannan tana iya zuwa rana na ƙwallewa, ba ɗigon ruwa a sama, kuma takan yi makonni ba ta janye ba. Duk mai kwana ko mai ajiye haja a wannan yanki ya riƙa sauraron sanarwar sakin ruwan.

Mataki na uku: tsara ɗakin da kaya

Kada komai ya zauna a ƙasa kai tsaye, kada komai ya manne da bango. Katifa ta hau gado ko katako, ko da falankin da ake ɗora kaya a sito ne. Sif da akwati a bar musu tazarar tafin hannu daga bango. Kafet mai gashi da muke so a gida, a ɗakin ƙasa a Legas wahala ce. Leda ko tayil da darduma da za a iya ɗagawa a shanya sun fi. Takardun makaranta da na fili da fasfo a sa su a leda mai zif, a ɗora can sama.

Tufafi su ne abin tausayi. Shaddar da aka sa wa sitati aka buga aka ninke aka jera a akwati tun ƙaramar Sallah, in ba a duba ba, ranar da za a ɗauko sai a tarar da ɗige-ɗige baƙaƙe a kan aikin wuyan, kuma ba wankin da ke fitar da su duka. Sitati abincin funfuna ne. Kayan da za su daɗe a ajiye a wanke su, su bushe ƙarau, a ajiye ba sitati, sai an tashi sawa. Rigar da aka cire da zufa kada a cusa ta a kwando, a rataye ta sha iska. A Yuni da Yuli wanki kan kwana biyu a igiya bai bushe ba. A matse sosai, a shanya a inda fanka ke kaɗawa, a ƙarasa da guga. Takalmin fata da jaka da hula a riƙa fito da su duk ranar da aka samu rana. Kafur yana korar ƙwari amma ba ya shan danshi. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi su ne ke sha, kada a zubar.

Ƙarfe kuwa, kusa da teku gishirin iska ke cinye shi. Kwaɗo, keken ɗinki, sarƙar babur, wuƙaƙen mahauta: ɗan mai a kai a kai.

Mataki na huɗu: abinci da haja

Tsarabar da ake aiko mana daga gida duk busassun kaya ne da aka yi su don iskar Arewa: kuka, kuɓewa, daddawa, yaji, garin tuwo, ƙuli-ƙuli, kilishi. Da zarar an buɗe su a nan sai su fara jan danshi. Uwargida ta raba su kashi-kashi tun ranar da suka iso: na amfanin mako a ƙaramar roba, sauran a cikin mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, ba a buɗewa sai na farko ya ƙare. Cokali mai laima kada ya shiga. Kilishi a takarda ba ya jure damina, ko a cinye ko a sa firji. Garin masara ko na dawa a niƙa kaɗan-kaɗan.

Masara da gyaɗa sun fi bukatar sa ido, domin funfunar da ke kama su tana haifar da guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Hatsin da za a ajiye ya bushe har danshinsa ya sauko wajen kashi 13 cikin ɗari. A gargajiyance, ka ciza ƙwaya ka ji ta fashe ƙas. Wanda ya canja launi ko yake wari a zubar, kada a ce za a wanke a ba kaji. Mai sito ya jera buhuna a kan katako, nesa da bango, da hanyar iska tsakanin layuka. Wake ya fi zama lafiya a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ba sai an zuba masa maganin ƙwari ba. Albasa kuwa 'yan kasuwar Mile 12 sun fi kowa sani: wadda za ta yi watanni a rumbu a Aliero, a nan in ta kwana a buhu a jiƙe ta fara ruɓa ke nan. A baje ta, a tsince mai laushi kullum.

A shekarun nan babbar Sallah tana faɗowa tsakanin Mayu da Yuni, wato tsakiyar ruwa. Ragon da ya taso a busasshiyar ƙasa ya sha doguwar tafiya a tirela, in aka sauke shi a caɓi ruwa na dukansa, mura da ciwon kofato ba sa jira. Mai kawo dabbobi ya tanadi rumfa da wuri mai tudu da busasshiyar shimfiɗa kafin mota ta taso, ba a fafe gora ranar tafiya. Harawa da dusa ma a rufe su, a ɗaga su daga ƙasa.

Mataki na biyar: jikinka

Sha ruwa tun kafin ƙishi, ka riƙa duba fitsari. In ya yi ja, ruwan bai isa ba. Yadi mai nauyi da mai roba-roba a bar wa masu ofis mai na'urar sanyi, auduga sakakkiya mara nauyi ita ce ta titi. Wanka safe da dare, a goge matse-matsi da tsakanin yatsun ƙafa su bushe, domin ƙyasbi da makero da ƙaiƙayin cinya danshi suke bi. Jarirai kuma a rage musu naɗi. Hular ulu da safa da bargon da kaka ta aiko daga Funtuwa, a Legas a Maris ƙurajen zafi kawai za su jawo.

Azumin 2025 da na 2026 sun faɗo tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da gumi ya fi tsanani. A irin wannan lokaci ruwan da jiki ke zubarwa yana da yawa. Masu dako da masu tura baro da 'yan gini su ja aikin ƙarfi zuwa safiya, su rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur maimakon a ɗura shi lokaci ɗaya. Wanda ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi fifita, a nufi asibiti.

Sauro ba ya hutu a nan, don haka gidan sauro duk shekara ne. Sai dai ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Legas ce jihar da cutar ta fi ƙaranci a jikin ƙananan yara, Kebbi kuma ta fi yawa. Ma'ana, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. A yi gwaji kafin a sha magani.

Ruwan sha ya fi sauro ban tsoro da damina. Ambaliya na haɗa ruwan masai da na rijiya, kuma a Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a jihar, ta fi tsanani a Lagos Island. Bayan kowace ambaliya a tafasa ruwan sha. In gudawa ta kama wani, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa ana hanyar asibiti.

Mataki na shida: ranar ruwa

Ruwan farkon damina da na Oktoba irin wanda muka sani ne: gabas ta yi baƙi, iska ta taso, a zuba na awa ɗaya a ɗauke. Wannan fakewa ake yi, amma ba a ƙarƙashin bishiya ko allon talla ko kusa da turken wuta ba. Na Yuni da Yuli kuwa yakan fara tun kafin asuba ba tsawa ba iska, ya wuni yana zuba. Irinsa ne aka yi ranar 10 ga Yulin 2011, wanda ya ci rayuka ya kuma tsayar da garin cak, haka ma na 3 ga Yulin 2024 da ya shanye hanyar Iyana-Oworo a bakin gadar Third Mainland. In ka farka ka ji irin wannan ruwan, kuma fitar ba ta dole ba ce, zauna. In ta dole ce, ninka lokacin tafiyarka, ka riƙe ƙarin kuɗin mota domin danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, na ƙara farashi, waya da kuɗi a leda, takalmin roba a ƙafa, na fata a jaka.

Babban haɗarin mai tafiya a ƙasa shi ne kwata marar murfi da ruwa ya rufe. Bi tsakiyar inda ka ga mutane na bi, ko ka riƙe sanda kana dubawa. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai fi santimita 15 ba yana iya kayar da babba, na santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Direba in ya ga ruwa ya kai rabin taya a motar gabansa, ya juya. In mota ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita, injin zai sha ruwa ya lalace. A tura ta waje.

Idan ruwa ya fara shigowa gida, kashe wuta daga babban makunni tun ƙafarka ba ta cikin ruwa, sannan yara da tsofaffi, sannan takardu, kaya su ne na ƙarshe. Lambobin agajin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Janareta kuma, komai ruwan da ake yi, kada a shigo da shi ɗaki ko baranda a rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, ta sha kashe iyali guda cikin barci. A yi masa 'yar rumfa a waje, nesa da taga.

Kwatar ƙofar gidanku ku haɗu da maƙwabta ku yashe ta a Maris, ku kuma kwashe abin da kuka fitar, domin in aka tara shi a bakin kwatar ruwan farko zai mayar da shi. Gwamnatin jihar ta hana robar abinci ta soso a Janairun 2024 saboda yadda take toshe magudanu. Ledar ruwan sha ma aikinta ke nan.

Mataki na bakwai: amfani da ɗan hunturun

Hunturun Legas leƙe yake yi. Wani lokaci tsakanin ƙarshen Disamba da farkon Fabrairu iskar Sahara kan iso bakin teku na 'yan kwanaki, ta janye, ta sake dawowa. Wata shekarar ma da ƙyar a gan ta. Hazo kan sauka har ya jinkirta jirage a filin Murtala Muhammed, da asuba a ɗan ji sanyi, ka ga 'yan gari da rigunan sanyi kai kuwa ko mayafi ba ka nema. Masu asma su yi hattara da ƙurar, 'yan kasuwa kuma da gobara.

Waɗannan ne kwanakin da iska ke bushewa da gaske, don haka a yi aiki da su. A fito da katifa da darduma da littattafai da kayan akwati a baje a rana. A sake shanya hatsi da barkono. A hau rufi a canja kwanon da ya huje, a ƙara ƙusa inda ya saki, a toshe tsagar bango, a yi fenti yanzu da zai kama. Duk gyaran da ya shafi rufi a gama shi kafin tsakiyar Maris, lokacin da iskar farkon damina ke fara yaye kwano.